Tanki Na Bakwai Ya Cika Kafin La'asar

Ƙarfe uku saura minti biyar Ragab ya banko ƙofar ɗakin kula da injuna da ƙafa, don hannunsa ɗaya na riƙe da ledar gurasa da wake, ɗayan kuma da hular kwanon da ba ya yarda ta hau kansa sai ya hango wani babba.

"Salamu alaikum, mutanen safe, sarakan gyangyaɗi!"

Garib bai ko waiwayo ba, yana ta cusa ƙafa a takalmi. "Wa alaikumus salam. Yau kuma wace ƙarya ka zo da ita? Mota ce ta lalace, ko ƙanwata ce ta tsare ƙofa?"

"Ƙanwarka dai. Wai ba inda za ni sai na cinye kifin jiya. Usta, ka ce mata za ka ba ni, ashe hukuma ka haɗa ni da ita."

"In ka gaji ka dawo mini da abata."

"Bayan shekara goma sha shida? Wa zai karɓa maka?"

Shekara ashirin da biyu Garib ya yi a wannan ɗaki, a masana'antar sinadarai da ke gindin Dutsen Ataka, wajen garin Suwes na ƙasar Masar, har kowa na ce masa Usta, wato ƙwararren ma'aikaci. Shi ya kawo Ragab, shi ya koya masa aikin, daga baya ya ga ai yaron kirki ne, ya aura masa ƙanwarsa Nagat. Tun daga nan Ragab ya mayar da tsokanarsa wani ɓangare na aiki, shi kuma Garib in ya yi kwana biyu bai ji ta ba sai ya ji kamar wani abu ya ɓace masa.

A gabansu allon fitilu ne mai faɗin bango guda. Ka'ida ta ce duk fitilar da ta yi ja wani abu ne ya lalace, kuma dole ƙararrawa ta yi ihu har sai an danna maɓallin da ke ƙasan allon. To, ranar nan fitila arba'in da wani abu ne ke ja, kamar jiya, kamar bara. Wata tana kukan ƙofar da ba ta rufuwa sosai, wata tana kukan injin da aka cire tun kafin Ragab ya yi aure. Ƙararrawar takan yi ihu sau ɗari uku ko fiye kafin mutum ya tashi aiki, kuma babu ɗan Adam ɗin da kansa zai ɗauki wannan. Don haka wani bawan Allah, tun kafin zuwan Garib, ya gano cewa in aka lanƙwasa cokalin shayi aka soke shi tsakanin maɓallin da ƙarfen allon, maɓallin zai zauna a danne, ɗaki ya yi tsit. Ma'aikata suka sa wa cokalin suna Likita, don shi ne maganin ciwon kansu. In baƙi za su shigo daga Alƙahira, mai gadi yakan bugo waya daga ƙofa, Likita ya koma cikin kofi ya zama cokali kamar kowane.

"Tanki na bakwai yana sha tun azahar," in ji Garib, yana rataya jakarsa. "Da an kira la'asar ka kashe famfon."

"Zo ka koya mini, tunda yau na fara aiki."

"Likita kuma yana bakin aiki. Tun safe ƙararrawar nan ta haukace."

"Bar shi inda yake. Allah ya ji ƙan wanda ya ƙirƙiro shi, ya yi mana sadaka mai gudana."

Ma'aunin tanki na bakwai ya shekara biyu allurarsa na tsaye a rabi, ko tankin na cike ko babu ɗigo. Garib kaɗai ya rubuta ƙorafi a kai ya fi sau talatin, amsar kuma ba ta canzawa: an yi odar kayan, suna hanya. Tunda ba za a daina aiki don allura ta mutu ba, sai suka nemo nasu ma'aunin. A kunna famfo da kiran azahar na masallacin masana'anta, a kashe da kiran la'asar, tanki ya cika daidai ya bar ɗan sarari. Da sanyi a ƙara mintuna, da zafi a rage, kowa ya san lissafin kamar yadda ya san lambar gidansu. Shekara biyu ladan bai taɓa ba su kunya ba.

A hanyarsa ta zuwa motar ma'aikata Garib ya ji kamar gurnanin famfon ya fi na kullum kauri. Ya ɗan tsaya ya karkata kunne. Sai direba ya danna hon, mutane suka fara yi masa ihu ta taga wai tsufa ya kama shi, shi kuwa ya ƙara sauri ya shiga.

* * *

Sun wuce mahaɗar jirgin ƙasa kenan ƙasa ta girgiza. Gilasan bayan motar suka zube a kan mutane, direba ya taka birki har wasu suka faɗo daga kujeru. Da Garib ya juya, abin da ya gani a gindin dutsen ba ya kama da gobara irin wadda aka sani. Wuta ce ta tashi dunƙule guda ta fi kowane bututun hayaƙi tsawo, baƙin hayaƙi na murɗawa a samanta.

Ya duba agogonsa. Uku da minti goma sha bakwai. Bakinsa ya riƙa maimaita abu ɗaya, ba tare da ya san yana yi ba: "Ba a kira ba tukuna. Ai ba a kira la'asar ba tukuna."

Mutum goma sha ɗaya suka mutu. Shida 'yan kwangila ne daga ƙauyukan kudu, masu fentin bututu, waɗanda sai da aka yi kwana biyu kafin a tantance sunayensu. Huɗu ma'aikatan masana'anta ne, maƙwabtan juna a gidajen kamfani. Na goma sha ɗaya Ragab ne. Mai gadin da ya tsira ya ce ya gan shi ya fito daga ɗakin da gudu, kowa na gudu zuwa ƙofa, shi yana gudu zuwa tankin da ke ambaliya, yana ɗaga wa masu fenti hannu su watse. Makullin bututu ya nufa, zai rufe da hannu.

Sauran labarin a hankali ya fito, a rumfar makoki da wuraren shan shayi, kowa da guntun da ya sani. Ashe ranar Alhamis 'yan kwangila sun sa sabon famfo a sashen da ke tura wa tankin kaya, wanda ya fi tsohon ƙarfi da saurin cikawa, takardar sanarwar kuma ta tafi teburin wani manaja da ke hutu. Ashe makullin da ya kamata ya rufe kansa in tanki ya cika an tsinke wayarsa tun bara, saboda yana yawan tsayar da aiki babu dalili. Ashe gyaran shekara da ake rufe masana'anta a yi sau uku ana ɗaga shi, don jiragen ruwa na jira a tasha. Ita kuwa wutar, wata mota ce ta kunna ta, direbanta ya bar injin a kunne kusa da tankin, don in ya kashe sai an tura. Kowa ya san abu ɗaya, babu wanda ya san duka, kuma duk wanda ka tambaya ya taɓa faɗa wa wani.

* * *

Kwana uku Ragab yana jarumi. Maza suka cika rumfa, har limami ya ambace shi a huɗuba. A kwana na tara wata jarida ta fito da hoton wani lanƙwasasshen cokali da ya yi baƙi, an tono shi daga tokar ɗakin, yana nan soke a jikin allon. A ƙasan hoton an rubuta cewa binciken farko ya nuna sakacin ma'aikacin da ke bakin aiki.

Daga ranar matan benen kamfanin da Nagat ke zaune suka daina hawa wajenta. Umm Karim, wadda ɗanta ɗaya tilo na cikin huɗun nan, ta aiko da kwanon da ta ara wata biyu da suka wuce, ba ko sallama. Mai kanti ya fara miƙa wa Nagat kaya yana kallon wani wuri.

Ta zo gidan Garib da hantsi, cikin baƙaƙen kaya, ta ƙi zama. Matarsa ta kawo shayi ta ajiye, ta ja ƙofar kicin ta ba su wuri.

"Yaya, tambaya ɗaya na zo yi. Ragab ne ya kashe mutanen nan?"

"Subhanallahi! Nagat, wace irin magana ce wannan?"

"Irin wadda ake yi a bayana. Jiya 'yarmu Hoda ta dawo daga makaranta ta rufe kanta a ɗaki. Wata ta ce mata ubanta ya toshe ƙararrawa don ya yi barci." Muryarta ba ta rawa, idonta ma a bushe yake, wannan ne ya fi tsorata shi. "Kai ka kai shi wurin nan. Kai ka san aikin. Ka gaya mini."

"Wallahi ba shi ba ne. Shi ne ma kaɗai ya yi gudu zuwa wajen. Abin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, Nagat, shekara da shekaru ana tara shi."

"To ka faɗa musu haka."

"Ranar Talata za a kira ni gaban kwamiti. Zan faɗa musu komai, ɗaya bayan ɗaya."

"Ba na son komai nasu, Yaya. Su riƙe gidansu in sun so, in koma ƙauye. Mutumin nan ko gawarsa ban gani ba, a rufe suka ba ni. Sunansa kaɗai ya rage mini, shi nake so ka dawo mini da shi."

Ya yi mata alkawari, har da ɗora hannu a ƙirji. Kuma lokacin da ya yi shi da zuciya ɗaya ya yi. Bayan ta tafi ya yago takarda daga littafin rubutu, ya zauna ya jera komai da lamba: allura, famfo, makulli, gyaran shekara, ƙararrawa. Da ya zo kan cokali sai alƙalamin ya tsaya. Ya san hannun da ya soke shi ranar nan, ƙarfe bakwai da minti ashirin na safe, bayan ƙararrawar ta yi ihu karo na goma sha biyu kafin ma ya kurɓi shayinsa.

* * *

Ranar Litinin da yamma Injiniya Medhat, shugaban sashensu, ya aika a kira shi wani wurin shan shayi da ke bakin ruwa. Garib ya taho da shirin faɗa, amma da ya gan shi sai faɗan ya rasa inda zai sauka. Mutumin ya rame, gemu ya fito masa ba tsari, hannunsa ɗaya a naɗe da bandeji saboda shi ma ya shiga jan mutane daga wutar ranar.

"Zauna, Usta Garib. Na ji an ce ka yi rubutu."

"Na yi, Basha, ranka ya daɗe. Abin da kowa ya sani ne."

"Ni ma na yi. Sau tara na rubuta kan allurar nan. Ka san inda kayan suke? Suna tashar jiragen ruwa, wata goma sha huɗu, ana gardama kan wace ma'aikata ce za ta buga hatimi." Ya murza goshinsa. "Makullin nan kuma ni na sa aka tsinke wayar. Daga sama aka bugo mini aka ce in aiki ya sake tsayawa in nemi wani wurin. Shi ma wanda ya bugo, wani ne ya bugo masa. Ka bi zaren nan har ka tsufa, ba za ka taɓa kama mutum a ƙarshensa ba."

"To sai a ɗora wa Ragab?"

"Ka saurare ni. In aka rubuta cewa masana'antar ce gaba ɗaya ta ruɓe, rufe ta za a yi. Gida ɗari tara ke ci a nan, har da na waɗanda suka mutu. In aka rubuta mutum ɗaya ne ya yi sakaci, wata biyu an buɗe. Kowa na son a buɗe, Usta, har Umm Karim, ko ba ta faɗa ba."

"A buɗe da wace allurar?"

Medhat ya juya kofinsa a kan faranti, sannan ya rage murya. "Mutum goma sha huɗu sun riga sun shiga gaban kwamitin. Babu wanda ya yi ƙarya, babu kuma wanda ya faɗi abin da ba a tambaye shi ba. Kai ne ka miƙa wa Ragab aiki, kai za su fi matsa wa. Ban tambaye ka wa ya sa cokali ranar nan ba, kada kuma ka gaya mini. Abu ɗaya zan ce maka: mai rai shekara bakwai zai yi a kurkuku, in ya yi sa'a. Ragab kuwa, Allah ya ji ƙansa, ya wuce inda hannunsu zai kai."

"Yana da mata. Yana da 'ya."

"Kai ma kana da su."

Garib ya tashi bai taɓa shayin ba. Yana tafiya yana tsine wa injiniyan a zuciyarsa, amma abin da ya fi ba shi haushi shi ne ya kasa samun inda mutumin ya yi ƙarya.

* * *

A ɗakin taro na ginin ofisoshi aka zauna, inda wuta ba ta kai ba. Mutum uku ne a bayan tebur: shugaban kwamiti, wani dattijo mai furfura daga Alƙahira da carbi a hannu, lauyan kamfani, sai wata mata mai buga abin da aka faɗa. An ba Garib kujera da ruwan sanyi, aka yi masa ta'aziyya yadda ya kamata.

Ya warware takardarsa ya fara. Ya faɗi allura, ya faɗi ladan, ya faɗi sabon famfo da takardar da ta kwana a teburin mai hutu. Dattijon ya saurare shi har ƙarshe bai katse shi ba, yana gyaɗa kai. Garib har ya fara jin sanyi a ransa. Sai ya lura tun ɗazu yatsun matar ba su taɓa na'urar ba.

"Allah ya saka da alheri, Usta," in ji dattijon. "Duk abin da ka faɗa muhimmi ne. Sai dai maganar ma'auni ta kwamitin sayen kaya ce. Famfo kuma tsakanin kamfani ne da ɗan kwangila, yana kotu, ba ma sa baki. Makulli akwai kwamitin ƙwararru, za su ba da rahoto nan da wata shida in Allah ya so. Mu abin da aka ɗora mana kaɗan ne." Ya juyo da wani fom ya nuna masa da yatsa. A tsakiyar fom ɗin an rubuta: sunan wanda ya yi sakaci. A gabansa layi ɗaya ne, gajere, ko cikakken suna da na uba da ƙyar zai ɗauka.

"Ranka ya daɗe, ai ba mutum ɗaya ba ne. Mu duka ne. Har da waɗanda suka yi ritaya, har da waɗanda ba su taɓa taka wurin ba."

"Na fahimta. Amma ka ga, ‘mu duka’ ba suna ba ne. Bari mu bi a hankali. Ƙarfe uku da minti goma sha bakwai, wa ke kan kujerar ɗakin?"

"Ragab. Amma bai fi minti ashirin da..."

"Ragab," in ji lauya, matar kuma ta buga.

"Cokalin yana jikin maɓalli lokacin da ka fita?"

"Yana nan."

"Marigayin ya gan shi?"

"Ya gan shi."

"Ya cire?"

"Babu mai cirewa, ranka ya daɗe. In ka cire, ko minti biyar ba za ka..."

"Bai cire ba." Aka buga. Dattijon ya ja carbinsa sau biyu. "Saura ɗaya, Usta, ka tafi ka huta. Ranar nan, wa ya soke cokalin?"

Amsar tana bakin Garib, kalma biyu ce kacal, ni ne. Ya ga fuskar Nagat a tsaye a tsakar ɗakinsa. Ya kuma ga matarsa tana bin layi a ƙofar kurkuku da kwanon abinci, ya ga kayansu a kan titi, ya tuna allurar ciwon sukarin da yake yi wa kansa kowace safiya. Ya ce wa kansa ko ya faɗa ba abin da zai canza, sunansa kawai za a sa a layin, allura ta ci gaba da tsayuwa a rabi. Ya ce wa kansa Ragab da kansa ya ce a bar shi. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya san ba don shi ne zai yi shiru ba. Tsoro ne kawai.

"Kowa na sawa," ya ce da ƙyar.

"Ranar nan nake tambaya."

"Ban... ban lura ba."

"Shaida bai lura ba," in ji lauya.

Shi kenan. Ba su ce ya ɗora wa kowa laifi ba, shi ma bai ɗora ba. Aka miƙo masa takarda ya sa hannu, dattijon ya tashi ya yi masa musabaha, har ya ce a kai gaisuwarsa ga iyalan mamacin. Sai da ya sauko ƙasa ya ga takardar da ya jera wa lambobi tana nan a hannunsa, ta jiƙe da gumi, babu wanda ya nemi ya karɓa.

* * *

Rahoton ya fito kwana uku kafin sadakar arba'in. Shafi biyu ne, sunan Ragab sau biyar a ciki. An kuma sanar cewa za a buɗe masana'antar a farkon wata, za a ba duk ma'aikata horo na musamman kan muhimmancin kula.

Ranar Alhamis da sassafe aka fita maƙabarta. Kaburburan mutanen biyar a jere suke, don rana ɗaya aka rufe su. Mata sun zo da kwandunan gurasar sadaka da dabino, kamar yadda ake yi, mabuƙata da makafi masu karatu kuma sun riga sun taru suna bin kabari kabari. Nagat ta kwana biyu tana gasa tata, mai madara da riɗi, irin wadda Ragab ke sata tun tana da zafi. Ta shimfiɗa tabarma a gefen kabarinsa, ita kaɗai, don Hoda ta ce ba za ta iya fitowa ba. Garib ya tsaya a bayanta.

Wasu mata biyu mabuƙata suka nufo kwandon. Kafin su iso, muryar Umm Karim ta taso daga kabari na uku, ba da ihu ba, amma kowa ya ji.

"Duk wadda ta ci gurasar wanda ya ƙona mini ɗa, kada ta zo ta miƙo mini hannu."

Matan suka tsaya. Suka dubi kwando ɗaya, suka dubi kwanduna huɗu, suka juya. Ba za ka ga laifinsu ba, su ma ciki ne ya fito da su. Wani makaho da bai ji abin da aka ce ba ya zo ya durƙusa ya fara karatu, sai wani ya raɗa masa magana a kunne, ya gajarta ya shafa fatiha ya tashi.

Rana ta ɗaga. Kwandunan can suka ƙare, mutane suka fara watsewa. Nagat na zaune ta miƙe ƙafa, tana korar ƙudaje daga kan gurasar da gefen mayafinta.

"Na faɗa musu komai," in ji Garib, ba tare da ta tambaye shi ba. "Wallahi na faɗa. Allura, famfo, komai. Ba su rubuta ba."

"Na sani."

"Tambayoyinsu ne, Nagat. Ba sa barin mutum ya ƙarasa magana."

"Shekara goma sha shida yana dawowa yana ba ni labarin ɗakin nan," ta ce, idonta a kan kabarin. "Har na san wace fitila ce ke ƙarya. Kullum yakan ce shi bai taɓa wahalar neman cokali ba, mutanen safe ke sawa, shi sai dai ya tarar." Ta ɗago ta dube shi. "Wa ke aikin safe ranar nan, Yaya?"

Garib ya tsuguna a gabanta. Ita kuwa ba ta sake tambaya ba.

Bai san abin da zai yi da hannuwansa ba, kwandon kuma ga shi nan a cike, ko ɗaya ba a taɓa ba. Ya ga bai kamata sadakar Ragab ta koma gida babu wanda ya ci ba, sai ya miƙa hannu ya ɗauki guda, ya yi bisimilla.

Nagat ta kama wuyan hannunsa. A hankali ta zare gurasar daga yatsunsa, ta mayar cikin kwando, ta ja ƙyalle ta rufe.

"Ajiye, Yaya. Wannan ta masu yi masa addu'a ce."

Ta naɗe tabarmarta, ta ɗora kwandon a ka da nauyinsa kamar yadda ta zo da shi, ta bi tsakanin kaburbura ta nufi ƙofa. Garib ya bi bayanta daga nesa, yana rage sauri duk sa'ad da ya ga ya kusa cim mata.